Riga mai lamba 44: abin da na tarar a wani shagon gwanjo a Birnin Kebbi

Duk wanda ya saba ratsa layin 'yan gwanjo a babbar kasuwar Birnin Kebbi ya san manyan rigunan nan masu raga-raga, masu ƙatuwar lamba a ƙirji da gadon baya, waɗanda 'yan acaba da masu tura baro suka fi sawa saboda araha da kuma shan iska. Na yi shekara talatin ina koyar da motsa jiki a makarantun sakandare kafin in yi ritaya, amma a duk tsawon lokacin ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko lambobin nan na su wane ne ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne wani ɗan shago da wani matashi ya buɗe a ƙarshen layin, wanda ba ya sayar da komai sai rigunan ƙwallon jami'o'in Amurka, kuma a wuyan kowace riga ya ɗaura ɗan kati da zare, an rubuta da Hausa sunan jami'ar, da sunan ɗan wasan da ya ɗaukaka wannan lamba, da shekarun da ya yi yana wasa. Na je shagon sau huɗu a cikin wata biyu, na sayi riga biyu, na ba da ɗaya aka sa mini a firam, don haka abin da zan faɗa a nan abu ne da na gani da idona kuma na biya da kuɗina.

Wasan da ake sa waɗannan riguna ba ƙwallon da muke bugawa a filin Haliru Abdu ba ne. Ƙwallon ƙafa ce irin ta Amurka, wadda ta fi kama da zari-ruga: mutum goma sha ɗaya a kowane ɓangare, ana ɗaukar ƙwallon a hannu ko a jefa ta, kuma wanda ya kai ta ƙarshen gidan abokan karawa ya ci maki shida. A jami'o'i wasan ya fara, domin karawar farko da tarihi ya riƙe ita ce ta Rutgers da Princeton a shekarar 1869, kuma har yau akwai jami'o'in da filin wasansu ke ɗaukar mutum fiye da dubu ɗari, kamar na Michigan. Girman rigunan ma yana da dalili, tunda asalin yankan an yi shi ne don ya hau kan sulken kafaɗa da 'yan wasan ke ɗaurawa.

Abin da ya ba katin nan daraja a wurina shi ne wani al'amari da yawancin masu sayen rigunan ba su sani ba. Shekaru masu yawa, dokar hukumar wasannin jami'o'in Amurka, wato NCAA, ta hana ɗalibi cin moriyar sunansa, saboda haka jami'o'i sukan sayar da riga mai lambar shahararren ɗan wasansu ba tare da sun rubuta sunansa a baya ba. Sai a watan Yulin 2021 aka sassauta wannan doka. Wannan ne ya sa akasarin rigunan da ke isowa gare mu cikin dila lamba ce tsagwaronta, babu suna. A can kowa ya san mai lambar, ko ba a rubuta ba. A nan kuwa, bayan rigar ta ƙetare teku ta shigo ta kan iyaka ta sauka a kasuwarmu, sai ta zama kamar kirarin da aka manta wanda aka yi wa. Aikin da mai shagon ya ɗora wa kansa shi ne mayar wa kowace riga sunan mai ita, kuma a ganina wannan ne ainihin hajarsa, tufar kuwa ana samun irinta a rumfa goma kafin a kai gare shi.

Shagon ƙarami ne, mutum uku in sun shiga sai ɗaya ya ja baya. An jera rigunan bisa launi a kan igiyoyi uku: ja na Ohio State da Alabama a hannun dama, shuɗi da rawaya na Michigan a tsakiya, sai ruwan goro da sauran launuka a hagu. Ya gaya mini cewa ba ya sayen dila sukutum, yana zuwa ne ranar da manyan 'yan gwanjo ke fasa dila ya tsinci nasa, shi ya sa wani mako za ka tarar da sababbi biyar, wani makon babu ko ɗaya. Yana wanke su kafin ya rataya, kuma warin gwanjo da kowa ya sani babu shi a shagon, abin da na yaba. Ba ya goge su, kuma ya yi gaskiya, domin dutsen guga na gawayi yana narkar da lambar da aka buga da roba nan take.

Ranar da na fara shiga, idona ya sauka a kan wata riga ruwan goro mai lamba 44 da ya rataye can sama, ita kaɗai. Na nuna ta da sandata, sai ya ce: "Baba, wagga ba ta yawo a kasuwa ba ce, ta ajiya ce." Ya sauko da ita ya miƙo mini da hannu biyu. Lambobin ɗinkakku ne, zare biyu a gefe, ba bugun roba ba, kuma akwai ɗan gogewa a wuyan da ke nuna wani ya sa ta shekaru kafin ya rabu da ita. Katinta ya fi na sauran tsawo, domin sunaye uku ne a kai: Jim Brown, Ernie Davis, Floyd Little, dukansu na Jami'ar Syracuse da ke jihar New York.

Na koma gida na bi diddigin sunayen nan, kuma ban san wata jami'a da ta ɗaure tarihin gwarazanta a jikin lamba ɗaya kamar yadda Syracuse ta yi ba. Jim Brown ne ya fara ɗaukaka ta tsakanin 1954 da 1956. A wasansa da Jami'ar Colgate a 1956 shi kaɗai ya ci maki 43, ya kai ƙwallo gida sau shida ya kuma buga bugun ƙari bakwai. Duk da haka, da aka zo zaɓen kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara tun 1935, na biyar ya zo, aka ba Paul Hornung na Notre Dame, wanda ƙungiyarsa ta ci wasa biyu kacal ta faɗi takwas a wannan shekara. Har zuwa lokacin ba a taɓa ba baƙar fata kyautar ba. Brown ya taimaka wa kocinsu, Ben Schwartzwalder, wajen shawo kan wani yaro daga garin Elmira mai suna Ernie Davis ya zo Syracuse, aka kuma ba yaron lamba 44. Da Davis ne jami'ar ta lashe wasanninta goma sha ɗaya duka a kakar 1959, ta doke Texas da maki 23 da 14 a ranar 1 ga Janairun 1960, ta zama zakaran ƙasa. A 1961 Davis ya zama baƙar fata na farko da ya karɓi kyautar Heisman. Shi aka fara zaɓa cikin duk 'yan wasan jami'o'i don shiga wasan ƙwararru, ya koma ƙungiyar Cleveland inda Brown yake, amma kafin ya buga mata ko wasa ɗaya na gasa aka gano yana da sankarar jini, ya rasu ranar 18 ga Mayun 1963 yana da shekara 23.

Labarin na uku shi ya fi shiga raina. Kafin rasuwarsa Davis ya je ya gana da wani matashi, Floyd Little, wanda manyan makarantu ke zawarci, ya roƙe shi ya zo Syracuse, shi kuma ya amsa masa da baki. Da labarin rasuwar ya iske shi, sai ya ga maganar da ya yi wa mamaci ba ta da warwara, ya tafi Syracuse ya ɗauki lambar daga 1964 zuwa 1966, kuma a dukan shekarun uku an sa shi cikin fitattun 'yan wasan ƙasar. Wanda ya tashi a ƙasar da ake gadon rawani zai gane wannan ba tare da dogon bayani ba: lambar ta zama kamar sarautar gida, mai ita yana da hannu wajen nemo magajinsa, magajin kuma ya san nauyin da ya hau kansa. Jami'ar ta kai ga sauya lambar aika wasiƙa ta harabarta zuwa 13244 don ta ƙare da 44, sannan a ranar 12 ga Nuwamban 2005 ta jingine lambar gaba ɗaya, wato ta daina ba kowane ɗan wasa ita. Daga baya aka sa wa filin wasan sunan Davis, aka kuma kafa mutum-mutumin su ukun a harabar. Little ya rasu a ranar farko ta 2021, Brown kuma a watan Mayun 2023.

Duk wannan tarihi, katin shagon ya kama jigonsa a layi bakwai, shekarun daidai, sunayen daidai, kuma da Hausar da yaro ɗan firamare zai karanta. A nan mai shagon ya cancanci yabo ba tare da ragi ba. Na biya naira 15,000 bayan ɗan ciniki, alhali irinta mai bugun roba yana sayarwa 6,000, kuma ban ga an cuce ni ba.

Sai dai ba kowane kati ne ya kai wannan ba, kuma tunda katin shi ne abin da ya bambanta shagon, kuskure a cikinsa ya fi yagewar aljihu muni. A zuwana na biyu na ga riga shuɗiya mai lamba 48 da katin da ke cewa Gerald Ford, wanda ya shugabanci Amurka daga 1974 zuwa 1977, ya sa ta a Michigan State. Gaskiya ne Ford ya yi wasa da lamba 48, yana cikin tawagar da ta zama zakaran ƙasa a 1932 da 1933, kuma an jingine lambarsa a 1994, amma a Jami'ar Michigan ne. Michigan State wata jami'a ce dabam, launinta kore da fari, kuma tsakaninsu akwai hamayya mai zafi. Haɗa su daidai yake da a ce wa Bakabe shi Bazamfare ne don kawai ƙasashen suna maƙwabtaka. Haka kuma na tarar da riga mai lamba 32 a layin jami'o'i da sunan Jim Brown, alhali 32 lambarsa ce ta Cleveland bayan ya bar makaranta. Na gane inda ruɗun ya fito, tunda ita ma Cleveland tana amfani da ruwan goro, amma shagon da ya ce na jami'o'i ne bai kamata ya cakuɗa ɗalibi da ƙwararre ba.

Da na nuna masa, bai yi musu ba. Ya ce: "Na gode, Baba, a waya na gani, ban duba sau biyu ba." Ya ciro katin a gabana ya yaga, ya ɗauko sabo ya ce in faɗa masa ya rubuta. Na ce masa: "Ɗana, ko a can ma an taɓa yin irin wannan." Na ba shi labarin mutum-mutumin Ernie Davis da aka buɗe a Syracuse a 2008, wanda aka sassaƙa da tambarin Nike a takalminsa, alhali Davis ya rasu shekaru kafin a ƙirƙiri wannan tambari a 1971, har sai da aka mayar da shi aka gyara. Ban faɗa masa haka don in sauƙaƙa laifin ba; na faɗa ne don ya ga cewa mutanen da suka damu da tarihinsu ba su bar kuskuren a tsaye ba. Katin Archie Griffin na Ohio State, mai lamba 45, wanda shi kaɗai ya taɓa karɓar Heisman sau biyu, a 1974 da 1975, na duba shi ban sami abin gyara ba, haka ma wasu biyar da na ɗauka ba tare da zaɓe ba. Kuskuren ba shi ne ya fi yawa ba, amma mai saye ba shi da hanyar sanin wanne ne sahihi, kuma a nan matsalar take.

Akwai wani gibi da ya fi kuskuren shekara ko suna girma a wurina. Katunan duk kirari ne: ya ci kaza, ya lashe kaza, an jingine lambarsa. Babu inda suka nuna abin da mutanen nan suka sha kafin a girmama su, kuma a tarihin jami'o'in Amurka wannan rabin labari ne. Ita Syracuse da ke alfahari da baƙaƙen fata uku masu lamba 44, tana da wani ɗan wasa kafin su mai suna Wilmeth Sidat-Singh. Baƙar fata ne ɗan Amurka, amma mijin mahaifiyarsa wanda ya ba shi suna ɗan asalin Indiya ne, sai aka bar jama'a suna ɗaukarsa Ba'indiye. A 1937, gab da wasansu da Jami'ar Maryland, wata jarida ta bayyana asalinsa, Maryland ba ta yarda ta kara da baƙar fata a filinta ba, jami'arsa kuma ta amince ta zaunar da shi a benci, aka ci su 13 da nema. Shekara ta zagayo Maryland ta zo gidansu, ya buga, suka ci 53 da nema. Ya rasu a 1943 lokacin da jirgin yaƙin da yake atisaye da shi ya faɗa tafki, kuma sai a 2005 jami'ar ta jingine lambarsa ta 19 a ƙwallon kwando, wadda ita ma ya buga mata, Maryland ma ta karrama shi a filinta a 2013. Girmamawar da ta haɗa da amsa laifi ta fi wadda ta tsaya a tafi nauyi, kuma ina ganin layi ɗaya a katin Davis da ke cewa shekara biyar kafin shi an tsallake Brown zai sa mai karatu ya gane me ake nufi da "na farko".

Batun firam kuwa, ra'ayina rabe yake. Tunanin yana da kyau, musamman a gare mu da ba mu da al'adar kafa mutum-mutumi kuma addininmu bai sakar mana hannu a kai ba: riga a bayan gilashi da rubutu a ƙasa tana tuna mutum ba tare da an sassaƙa surarsa ba. Ba shi ke yin firam ɗin ba, yana kai wa wani kafinta ne, ya karɓi naira 18,000, ya ce kwana biyar, ya zama kwana goma sha ɗaya, ko da yake ya kira ni sau biyu ya ba ni haƙuri. Katakon mai kyau ne, kusurwoyin sun haɗu, an shimfiɗa rigar a kan baƙin yadi yadda ruwan goron ya fito sosai, an kuma kwafe katin da rubutu mai tsafta a ƙasa. Amma da na juya bayan na buɗe, sai na ga an manna kafaɗun rigar da gam maimakon a kama su da allura da zare. Gam yana cin yadi, kuma da zafin Maris da Afrilu na garin nan zai narke ya bar tabo da ba ya fita. Na mayar, aka ɓanɓare a hankali aka ɗinke, ya bar ɗan tabo kamar ƙwayar gero a kafaɗar hagu wanda ni kaɗai na san inda yake. Bai karɓi ƙarin ko sisi ba. Gilashin ma siriri ne, wanda zai ɗauka a Keke ya rungume shi a cinya. Bayan firam ɗin ba a toshe shi da kyau ba, don haka na sa aka bi gefen da salatef kafin hunturu ya cika shi da ƙura. Wanda zai ba da aiki ya faɗi waɗannan tun farko, kuma ya rataye nesa da taga, domin rana tana cinye ruwan goro da ja da sauri.

Riga ta biyun, ta Ohio State mai bugun roba, na saya wa jikana ne don sawa. Ta sha wanki kusan goma, launin bai zuba ba, amma gefen lambar ya fara tsagewa, abin da ake tsammani ga mai wannan kuɗi. Abin da zan so ya gyara a nan shi ne ya raba igiyar ɗinkakku da ta masu bugu, ya rubuta farashi a jikin katin. A yanzu sai ka tambaya, kuma na lura farashin farko da ya faɗa wa wani saurayi da ya shigo da mota ya ɗara wanda ya faɗa mini. Wannan halin kasuwa ne, na sani, amma shagon da ke neman a yarda da rubutunsa yana bukatar a yarda da bakinsa ma. Ya kuma dace ya riƙa bayyana wa mai saye cewa waɗannan riguna ne na magoya baya, ba waɗanda 'yan wasan suka sa a fili ba; ni ya gaya mini da na tambaya, amma ban ji ya gaya wa wanda bai tambaya ba.

Wanda ke neman rigar sawa kawai zai samu da araha a rumfunan gaba. Shagon nan na wanda yake so ya san abin da ke bayansa ne, da malamin da ke neman abin nuna wa ɗalibai, da mai neman kyautar da za ta zo da labari. Tsofaffin abokan aikina biyu da suka ga tawa a zaure sun riga sun tambayi mai shagon ko kafintan zai yi musu irin wannan da rigunan da suka buga wa makarantunsu wasa da su a ƙuruciya, waɗanda suke ninke a ƙasan akwati shekara arba'in, kuma ya karɓi ɗaya yana jiran ɗayar.

A zuwana na huɗu na tarar ya cire rigar Cleveland daga layin jami'o'i ya rataye ta ita kaɗai a bakin ƙofa, katin Ford ya gyaru, kuma ya sayi littafi mai bango mai kauri inda yake rubuta kowace lamba da inda ya samo bayaninta, wuri biyu ga kowace. Ya buɗe shafin Syracuse ya nuna mini ya ƙara layin Brown da zaɓen 1956. Na roƙe shi in dila ta taɓa kawo ruwan goro mai lamba 19 ya ajiye mini. Ya ce tun da ya fara wannan sana'a bai taɓa cin karo da ita ba, amma ya rubuta lambar wayata a gefen shafin, ya ja layi biyu a ƙarƙashinta.